Jan Ɗankwali a Bayan Kujera

Ubanta ne ya laƙaba mata Rediyo tun tana rarrafe, don a lokacin bakinta ba ya hutawa. Ta yi wa cokali surutu, ta yi wa takalmin baƙo, in ta rasa abokin hira ta juya ta fuskanci bango. Sunan ya bi ta har ya danne na ainihi, ya kuma haɗa da uwarta: kaf benen nan, daga mai gadi har tsohuwar da ke hawa na ƙarshe, Maman Rediyo kowa ke cewa.

In'inar daga baya ta zo, yarinyar tana wajen shekara biyar, kuma ba ta yi sallama ba. Magana za ta taho lafiya lau, sai kalma ɗaya ta cije, Rediyo ta runtse ido, ta dunƙule hannu, ta buga ƙafa a ƙasa kafin abin ya fito. Dangi suka ce a ƙyale ta, in ta girma za ta bari. Babu wanda ya faɗi ranar.

A makarantar gwamnati da ke bayan tashar mota aka sa ta, inda yara ke matsuwa a benci, malami kuma sai ya yi ihu na baya ke jin sa. Yara ba su da wuyar gano inda ke yi wa mutum ciwo. Kafin zango ya ƙare sun mayar da Rediyo Janareta, wai sai an ja ta an sake ja kafin ta tashi. In ta miƙe za ta ba da amsa, sai bayan aji ya ɗauka, “Gir-gir-gir,” wani har da kwaikwayon jan igiya. Kullum ta dawo da kuka, ta jefar da jaka a bakin ƙofa, ta tsaya a kicin tana kai ƙara: wane ya ce kaza, wance ta yi mata gwalo, ita ma ta rama, ta ce wa wani mai kan tulu. Labarin da wani yaro zai gama kafin ruwa ya tafasa, ita har a sauke tukunya tana kai. Uwar tana yanka albasa tana ƙarasa mata kalmomi don a yi sauri.

Ranar da abin ya kai maƙura, Rediyo tana aji huɗu. Fitsari ya matse ta, ta ɗaga hannu, malamin ya ce ta faɗi abin da take so. Kalmar ta cije. Shi kuma, ko gani yake taimaka mata yake yi, ya harɗe hannu ya ce duk ajin za su jira ta, ko da za a kai tashi. Suka jira. Abin da ya faru a tsaye ya faru, a gaban kowa. Wata ƙawarta mai wushirya ce ta ɗaura mata rigar sanyinta a ƙugu ta rako ta har gida.

Maman Rediyo ba ta je ta yi faɗa ba. Ta wanke kayan makarantar, ta ninke, ta tura su can ƙasan akwati, ta ce ita da makarantar nan har abada. Baban Rediyo direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya a kan gida. A waya ta gaya masa, ya ce ta yi duk abin da ta ga ya dace. Abin da ta ga ya dace shi ne makarantar intanet, irin wadda yaro ke zaune a gida malama tana koyar da shi ta cikin kwamfuta. Gwaggon yarinyar, yayar mijin, ta ce wannan ai ba makaranta ba ce, kallon talabijin ne da jarrabawa. Aka bar ta da bakinta.

To, ita Maman Rediyo a gida take aiki. Wani kamfanin sayar da firji da injin wanki ne ya ɗauke ta amsa waya: duk wanda kayansa ya lalace, ita zai kira ya sauke wa. Daga safe zuwa la'asar abin kunne na amsa waya na kanta, tana ba mutanen da ba ta taɓa gani ba haƙuri a kan laifin da ba ita ta yi ba. Sai dai kamfanin na naɗar kowane kira, kuma akwai wani oga da aikinsa kenan, ya zauna ya kasa kunne ko zai ji kukan yaro ko ƙarar tukunya a bayan muryar ma'aikaciya. Gidan kuwa ɗaki ɗaya ne da falo, kuma intanet ɗin, don wulaƙanci, ba ya kamawa sosai sai a jikin tagar falo. Don haka teburi ɗaya suka raba: uwa a wannan gefe, 'ya a wancan, kwamfuta ta ba kwamfuta baya.

A satin farko malamar intanet ta ce Rediyo ta karanta wani sakin layi. Yarinya ta kunna makirufo ta fara, ta cije, tana ja tana ja. A daidai lokacin uwar na kan layi da wani mutum da firjinsa ke zubar da ruwa. Mutumin ya katse maganarsa ya tambaya wai wane ne ke shaƙewa a bayanta. Washegari oga ya kira, ya ce wannan gargaɗi ne, kuma shi ba ya son maimaita magana.

Sai uwar ta yi dabara, irin dabarar da mutum ke yi yana yaba wa kansa. Ta gaya wa malamar cewa yarinyar na da in'ina, a taimaka a bar ta ta riƙa ba da amsa a rubuce. Malamar, mace mai kirki, ta ce ba komai, ai saboda irin haka aka tanadi wurin rubutu. Sannan uwar ta samo wani jan ɗankwali da ya koɗe, ta ce wa Rediyo in ta gan shi rataye a bayan kujerarta, to tana kan layi, ko tari kar ta yi. In akwai magana, ga tsohuwar wayar babanta, ta turo saƙo.

Abin ya yi kyau, kai, ya yi kyau har ya wuce misali. Yatsun Rediyo ba su da in'ina. Kafin malama ta rufe baki amsarta ta bayyana a allo. Sakamako ya zo, ita ce ta ɗaya a lissafi. Ta yi kumatu, ta daina firgita cikin barci, ciwon cikin safiyar Litinin ya ɓace. Baban ya riƙa nuna wa 'yan'uwansa direbobi hoton sakamakon har suka gaji da cewa madalla. Oga bai sake kira ba. In maƙwabta suka ce anya yarinyar nan na gidan, ko motsinta ba a ji, sai uwar ta yi murmushi ta ce ai yarinya ce mai hankali.

Ɗankwalin kuwa, da farko ana cire shi in an tashi aiki. Daga baya aka fara mantawa, ya kwana a kujera, ya yi sati. Saƙo ya fi sauƙi ga kowa: “Mama sabulu ya ƙare.” “Mama zan kwanta.” Ita ma uwar, da ta wuni tana magana har maƙogwaro ya bushe, in ta cire abin kunne ba abin da take so kamar shiru, sai ta amsa da yatsa. Suna zaune gwiwa na taɓa gwiwa, waya na yi wa waya magana. Fiye da shekara aka yi a haka, kuma da ka tambayi uwar a lokacin, cewa za ta yi ba su taɓa samun zaman lafiya irin wannan ba.

Wata rana da hantsi Rediyo ta shiga kicin a lokacin hutun darasi don ta haɗa wa uwarta shayi, kamar yadda ta saba. Maman Rediyo na fama da wata mata da injin wanki ya cinye wa labule, matar kuma ta rantse sai ta ba da tarihin labulen tun daga shagon da aka saye shi. Wayar Maman Rediyo ta yi motsi a kan teburi, ba ta duba ba. Can ta ji mutum tsaye a gefenta. Ba ta juyo ba, ta ɗaga yatsa ɗaya, alamar a jira. Aka jira. Matar ta gama da labule ta koma kan mijinta da ya zaɓo injin. Sai da aka yi godiya, aka yi sallama, sannan Maman Rediyo ta juyo.

Yarinyar na tsaye, ta tallafe hannun hagu da na dama. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu fatar ta saɓe, ta fara kumbura da ruwa. Butar ce ta kufce mata. Hawaye sun jiƙa gaban rigarta, leɓenta ya fashe don cizo, amma ko “wash” ba ta ce ba. Idonta ma ba a kan uwar yake ba, a kan jan ɗankwalin yake.

A asibitin unguwa ma'aikaciyar jinya na wanke ƙunar tana tambayar yarinya yaushe abin ya faru, ina ya fi zafi. Kowace tambaya sai Rediyo ta dubi uwarta, uwar ta amsa. Daga ƙarshe matar ta rage murya ta ce, “Yi haƙuri, bebiya ce?”

Maman Rediyo ta ce a'a da sauri, har da ɗan fushi, tana magana mana. Amma tana zaune a bencin nan ta shiga lalube a ranta: yaushe rabon da ta ji muryar 'yarta? Ta koma jiya, ta koma satin da ya wuce, ta koma zuwan babanta na ƙarshe. Ta tuna dariya, ko dai abin da ya yi kama da dariya, kafaɗu na rawa ba sauti. Kalma kam ba ta samo ko ɗaya ba. Ta ciro waya za ta kira mijin, sai ga saƙon da ya shigo tana kan maganar labule: “Mama na ƙone. In kin gama.” Da hannu ɗaya aka rubuta shi. Ta kifa wayar a cinya, tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba ya kama ta.

A ranar ta cusa ɗankwalin a kwandon shara, ta karɓe wayar, ta ce daga yau mai son abu ya faɗa da baki. Rediyo ta gyaɗa kai, ta kuma daina son abu. Sabulu ya ƙare, ta yi wanka da ruwa zalla. In uwar ta tsare ta da tambaya, sai ta buɗe baki, wuyan ya kumbura, iska ta fito, shi kenan. Ta tsaya tana kallon uwar da idon mai neman gafara har uwar ta kasa jurewa ta ce to bari, bari. Ba a jima ba wayar ta koma hannunta, don ba a zama da yaro mai ciwo ba ka san inda ke masa zafi ba. Kuma ko ba ɗankwali, da zarar uwar ta sa abin kunne sai ka ga yarinya tana tafiya da yatsun ƙafa.

Uwar ta roƙi malamar intanet ta riƙa kiran ta ta amsa da baki. Malamar ta gwada. Aka yi shiru, yara a ƙananan akwatunansu na allo kowa na harkar gabansa, wani na cin biskit, wani ya bar kujera ba kowa. Babu wanda ya yi dariya, babu ma wanda ya lura. Can rubutu ya fito daga Rediyo, wai makirufonta ya lalace. Malamar ta wuce ga na gaba, don tana da darasin da za ta ƙarasa. Daga baya ta ce wa uwar kar ta damu, a tsarinsu yaro na iya gama makarantar kaf da sakamako mai kyau bai ce uffan ba. Don ta kwantar mata da hankali ta faɗi haka.

Likitan da aka tura su wurinsa ya leƙa maƙogwaro, ya gwada kunne, ya ce komai lafiya. Akwai masu koyar da irin waɗannan yara magana, amma layin jiransu dogo ne; kafin nan dai yarinya na bukatar shiga cikin yara, inda dole za ta sa ta buɗe baki. Da uwar ta ce masa ai a cikin yaran aka yi mata abin da aka yi mata, sai ya cire tabarau ya murza ido ya ce ya sani.

Da Baban Rediyo ya dawo, Gwaggo ta zo, aka tura yarinya ɗaki aka zauna a falo. Gwaggo ta ce ita tun farko ta faɗa. Su da suka yi makarantar gwamnati, wa ba a tsokana ba? Ita kanta Mai Kunnen Zomo aka riƙa ce mata har ta gama, ga ta nan ba ta mutu ba. Baban ya ce haba Yaya, tsokana daban, abin da aka yi wa 'yarsa daban. Shi ba zai iya tuƙi ba yana tunanin tana tsaye gaban aji ana mata gir-gir. A nan aƙalla tana karatu, tana ci, tana barci. Gwaggo ta ce to ta yi ta karatun, ranar da ta je neman aiki sai ta tura wa mai ɗaukar aikin saƙo yana zaune a gabanta. Baban ya ce ai duniyar ma can ta nufa. Maman Rediyo na tsakiya, duk wanda ya yi magana sai ta ji shi ne mai gaskiya, har ɗayan ya karɓa. Da suka gaji suka juyo gare ta, wai ita ce ke tare da yarinyar kullum, ita ta fi sani. Wato dai aka sake ɗora mata kayan, Gwaggo ta tafi gidanta, shi kuma gari na wayewa ya hau mota.

Maman Rediyo ta yi tunanin barin aikin, amma aikin ne ke riƙe da rabin gidan, har da ita makarantar intanet ɗin. Duk inda ta juya, zaɓin dai biyu ne: teburin jikin taga, ko makarantar bayan tasha. Kuma abin da ya fi cin ranta, kewar tsayuwar kicin ɗin nan take yi, kewar ƙarar da ake kawo mata ana buga ƙafa, wadda a da take gajiya da ita.

Sai ta je ita kaɗai ta ga shugabar makarantar. An canza shugaba, wannan wata doguwa ce mai furfura a goshi, malamin nan ma an mayar da shi wani wuri. Matar ta saurari komai. Ta ce za ta sa yarinyar a bencin gaba, za ta ja wa malamai kunne, amma bakin yara kam ba ta da makullinsa. A kawo ta ranar Litinin a gwada.

Da Rediyo ta ga an ciro kayan makaranta daga ƙasan akwati ana warware kalmasar siket don ya ƙara tsawo, saƙonni suka fara shigowa ba ƙaƙƙautawa. Mama don Allah. Mama zan yi ta ɗaya a komai. Mama me na yi. Uwar na karantawa zuciyarta na karyewa. A nan ne ta yi dabara ta biyu. Ta ajiye allura, ta kamo hannun yarinyar mai lafiya, ta ce:

“Saurara, ba zan karanta saƙo a kan wannan maganar ba. Amma na yi miki alkawari, in kika faɗa mini da bakinki cewa ba kya so, wallahi ba zan bar ki a can ba.”

A ganinta ba ta da asara: in yarinya ta yi magana, murya ta dawo, in ba ta yi ba, makaranta ta zama dole, kuma ba ita ta yanke ba. Rediyo ta gwada. Duk ƙarshen satin nan uwar na jin ta ta cikin ƙofar banɗaki tana fitar da iska, tana buga ƙafa. Ba abin da ya fito.

Litinin da safe suka hau bas. Rigar ta ɗame ta a kafaɗa, bandejin ya leƙo ta ƙasan hannun riga. Suka sauka a tasha, suka bi ta gefen masu facin taya, hanyar da ƙafafunsu ba su manta ba. Tun daga kwana ake jin makarantar: ihu, guje-guje, wani malami na daka wa wasu tsawa. Tafin hannun Rediyo ya jiƙe sharkaf a cikin na uwarta.

A bakin ƙofa mai wushiryar nan ta hango su, ta taho a guje tana tambaya ina ta shiga, me ya sami hannunta, ta dawo kenan? Maman Rediyo ta ji sanyi a ranta. Sai daga cikin yaran da ke jingine da katanga wani ya ƙura musu ido, ya washe baki. Bai ma ce komai ba. Hannu kawai ya sa ya ja igiyar da babu ita.

Shugabar na tsaye daga ciki, ta miƙo hannu tana murmushi. Uwar ta tura yarinyar gaba a hankali. Rediyo ta toge. Ta juyo ta damƙi mayafin uwarta da hannu biyu, har mai ƙunar, ta runtse ido, ta buga ƙafa a ƙasa, ta sake bugawa. Jijiyoyin wuyanta suka tashi. Uwar ta ga kalmar tana tahowa, ta san ko wacce ce, har bakinta ya buɗe zai ƙarasa mata, ta cije harshe ta jira.

“M-m-mama.” Muryar ta dushe, ta yi kauri, ba irin wadda uwar ta sani ba, ashe har ta canza ba wanda ya ji. “K-k-kar ki b-bar ni. B-ba na so.”

Maman Rediyo ta durƙusa a wurin. Abin da ta yi ta roƙon Allah ya ba ta, ga shi an ba ta. Ta so ta ce sake faɗa, faɗi komai, ko zagi ne. Kuma tana durƙushen ta gane abin da ta ja wa kanta. A gida, da duk lallashin da ta yi, ko harafi bai fito ba. Bakin ƙofar nan ne ya fizgo maganar. In ta bar ta yanzu, ta nuna mata kenan ko ta yi magana ba a ji, to me zai sa ta sake shan wahalar yi? In kuma ta tafi da ita, ta san teburin da za su koma.

Shugabar ta matso ta ce a hankali, “Ki tafi kawai, kar ki waiwayo. In an jima za ta ware.”

Wataƙila gaskiya ta faɗa. Maman Rediyo ta dubi matar, ta dubi yaron jikin katanga da har ya manta da su yana kokawa da wani, ta dubi yatsun da ke riƙe da mayafinta, bandeji ya fara jiƙewa. Ta ce, “Na yi mata alkawari.” Shugabar ta ce ƙofa a buɗe take duk ranar da suka shirya. Mai wushirya ta tsaya da jakarta tana kallon su har aka buga ƙarfen shiga aji.

A bas suka sami kujerar baya. Uwar ta ƙi bari abin ya huce. Ta ce kin ga yadda ƙawarki ta yi tsawo? Rediyo ta gyaɗa kai. Ta ce me za mu dafa yau, ke za ki zaɓa. Rediyo ta ɗaga kafaɗa. Ta nuna mata wani mutum da ya ɗauro katifa a kan babur iska na neman tashi da shi, ta ce dubi wannan, me za ki ce masa? Kafaɗun yarinyar suka yi rawa, ba sauti. Fuskarta ta saki, numfashinta ya daidaita, ta kwantar da kai a jikin uwar. Can ta laluba aljihun jakar makaranta, ta sunkuyar da kai.

Waya ta yi motsi a cikin jakar Maman Rediyo. Ba ta so ta duba ba, amma ta duba. “Na gode Mama.”

Ta daɗe tana kallon rubutun. Bas ya tsaya, ya tashi, lokacin hawanta layi ya kusa. Ta buɗe baki za ta amsa, ta ji in ta yi magana kuka ne zai fito a gaban mutane. Sai ta sa babban yatsa ta rubuta, “Ba komai,” ta tura.